Farautar zomo da ƙananan karnuka: daga horon kwikwiyo zuwa yanka

Zomon dajin ƙasar Kano ba ya haƙa rami. Da dare yake kiwo, in gari ya waye sai ya share ɗan wuri a gindin sabara ko kalgo ko tushen gamba ya lafe, kunnuwa a kwance a gadon baya, launinsa ya saje da ƙasa. Babba a cikinsu ya kan yi kilo 2 zuwa 3, kuma in ya miƙe a fili gudunsa na kai wajen kilomita 60 a awa. A Ingila akwai zomo na rami, shi ya sa dabarun da mafarautan can ke kama shi da su suka bambanta da namu. Wanda ya kalli bidiyonsu a waya ya ce zai kwaikwaya a hanyar Gwarzo ko Ɗanbatta, wahala kawai zai sha.

Ƙaramin kare mai gajerun ƙafafu da bai wuce kilo 10 zuwa 15 ba da wuya ya ci zomo da gudu a miƙe. Amfaninsa a hanci yake, da iya kutsawa cikin sarƙaƙiyar da dogon kare ke kewayewa, da naci a kan sawu. Shi zai nemo, ya tayar, ya bi. Kamun kuwa ya dogara ne ga inda mutane suka tsaya. Duk horon da za a yi wa karen, da duk tsarin fita, a kan wannan aka gina su.

Zaɓen kwikwiyo

Nemi ɗan karyar da ka ga aikinta da idonka, kada ka tsaya ga labari. Karnukan gida na mafarautan ƙauye sun fi na waje dacewa: sun saba da zafi, tafin ƙafarsu ya yi kanta, kaska ba ta kayar da su da wuri. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, domin a wajenta da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo da zama da wasu karnuka. Wanda aka cire tun yana mako 4 ya kan tashi da faɗa ko da tsoro.

In ka je zaɓe, ja guntun fatar zomo a ƙasa ka ɓoye ta a bayan bulo, sa'annan a saki 'yan kwikwiyon. Wanda ya sa hanci ƙasa ya bi layin, shi ne naka, ko da ba shi ne mafi girma ba. Tafa hannu da ƙarfi: wanda ya zabura ya dawo ya duba yana da zuciya, wanda ya shige lungu ya ƙi fitowa ka bar shi. Duba dasashi ya zama ja-ja, ido ba kwantsa, ƙafafu a miƙe. Yanke kunne da wasu ke yi ba ya ƙara gudu ko zafin nama. Ciwo ne kawai da ƙuda zai samu wurin zama.

Biyu sun isa mutum ɗaya, uku sun isa ƙaramar tawaga. In sun wuce haka sai su koma tsere da juna, mai hanci ya daina aiki ya bi masu hayaniya.

Rigakafi da abinci

Kare marar allura haɗari ne ga gidanka da unguwarka, musamman a cikin birni inda yara ke wasa a lungu. Allurar farko ta cututtukan kwikwiyo, ciki har da mai sa amai da gudawar jini da ke kashe su cikin 'yan kwanaki, ana yin ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon haukan kare kuma a wata 3, sa'annan duk shekara. Je asibitin dabbobi na gwamnati, kamar na Gwale, ko wurin likitan dabbobi mai rajista, ka karɓi kati ka adana. Allurar da aka yi yawo da ita a aljihu cikin rana ta mutu, ruwa kawai aka tsira wa karen.

Maganin tsutsar ciki duk mako 2 har ya kai wata 3, sa'annan duk wata har wata 6, daga nan duk bayan wata 3. Karen zomo yana da ƙarin matsala guda, wato tsila, wadda yake ɗauka in ya ci ɗanyen kayan cikin zomo. Yawancin magungunan tsutsa na yau da kullum ba sa kashe ta. Nemi wanda aka rubuta praziquantel a kwalinsa, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin karen.

Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe karen aiki. A haɗa masa kashi biyu na tuwo ko dafaffen garin masara da kashi ɗaya na abin gina jiki: tumbi da huhu daga kwata, kan busasshen kifi da aka daka, dafaffen ƙwai, ɗan ƙuli-ƙuli marar yaji, da cokali ɗaya na mai. Sau biyu a rana ga babba, sau uku ko huɗu ga kwikwiyo. Ban da miya mai albasa da yawa, domin albasa na lalata jinin kare, ban da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya huda hanji. Ma'aunin ƙiba a hannu yake: ka ji haƙarƙari in ka shafa, amma kada ka ƙirga su da ido daga nesa. Al'adar hana kare abinci kwana biyu kafin fita wai don ya yi zafi, ita ce ke sa ya gaji tun hantsi, in kuma ya kama ya ruga da zomon ya cinye. A ciyar da shi sosai da yamma, da asuba a ba shi ɗan abin da bai wuce loma uku ba. Tiramol da sauran ƙwayoyi kuwa zalunci ne: suna toshe masa jin gajiya har ya faɗi.

Horo

Daga wata 2 zuwa 4 abu ɗaya za a koya masa: in an kira ya zo. Ba shi gajeren suna, Guntu ko Baƙi, ka haɗa da fito iri ɗaya da ba ya canzawa. Kira shi lokacin cin abinci, ya zo ka ba shi tsoka ka shafa shi. Minti 10 safe da yamma ya wadatar. Kada ka taɓa kiran kare ya zo sa'annan ka doke shi, ko me ya yi. Abin da zai fahimta shi ne zuwa wurinka ke jawo duka, kuma ranar da ya doshi garken tumakin mutane ba zai waiwayo ba.

Daga wata 4 a saba masa da igiya da hawa abin hawa. Karen birni sai an ɗauke shi a babur ko adaidaita sahu kafin ya ga daji, wanda bai saba ba zai isa yana amai, rabin ƙarfinsa ya tafi. A wannan lokacin ne kuma ake raba shi da dabbobin gida. Riƙe shi a doguwar igiya ka ratsa cikin kaji da awaki. Da ya kafa musu ido, kafin ma ya zabura, ka fizgi igiyar ka ce "bari" da kakkausar murya, in ya kau da kai ka yaba masa. A yi ta yi har sai kaza ta gifta gabansa bai ɗaga kunne ba. Wannan darasi ya fi kowane muhimmanci ga mai farauta a ƙasar Kano, inda da wuya ka yi tafiyar rabin awa ba ka ci karo da gida ko ruga ba.

Aikin hanci yana farawa a wata 5 ko 6. Ɗaura sabuwar fatar zomon daji a igiya, ka ɗaure igiyar a bakin doguwar sanda domin layin fatar ya yi nesa da sawunka, in ba haka ba warin takalminka zai koyi bi. Ja ta taku 20 a miƙe, ka ɓoye a gindin ciyawa tare da ɗan nama. Kawo shi farkon layin, nuna ƙasa, ka ce "nemo". In ya ƙware a ƙara zuwa taku 50, sa'annan 100 da kwana biyu ko uku, daga baya a bar layin ya yi minti 15 zuwa 30 kafin a kawo shi. In ya ɓatar da layi a kwana, yi shiru ka bar shi ya kewaya da kansa. Mai yawan nuna wa kare hanya yana koya masa kallon hannu ne maimakon sansanar ƙasa.

Da fatar dai ake koyar da "saki". Bari ya cafke, ka kawo tsoka kusa da hancinsa ka ce "saki", yana buɗe baki ka ba shi. Kada a yi ja-in-ja da shi da fata, domin karen da ya saba da haka zai yayyaga zomo a hannunka. Sakin zomon gida mai rai a tsakar gida don kwikwiyo ya yi wasa da shi azabtar da dabba ne, kuma yana koya masa farauta da ido da tsammanin zomo abu ne mai sauƙin kamu.

A wata 8 zuwa 10 sai ya fara bin babban kare mai natsuwa, awa ɗaya kawai, a riƙe shi a igiya har sai an tayar da zomon farko. Cikakken yini sai ya shekara.

Lokaci da wuri

Daga ƙarshen kaka, bayan an kwashe dawa da wake, zuwa ƙarshen hunturu, wato Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina amfani na gona, ciyawa ta rufe macizai, kuma lokacin ne zomaye suka fi haihuwa. Uwa na haifar ɗaya ko biyu, ta bar su a ciyawa ta riƙa zuwa shayarwa, in an kashe ta an kashe su. Da bazara kuwa zafin Kano na haura digiri 40, ƙaramin kare ba ya jure wannan.

A bar gari bayan sallar asuba domin a kasance a wurin rana na fitowa. Sanyin safiya da 'yar raɓa su ke riƙe wari a ƙasa. Zuwa ƙarfe 10 iskar hunturu ta busar da komai, kare zai yi ta atishawa cikin ƙura ba ya jin komai. Awa 3 na safe sun fi yini guda na rana.

Gonakin da ke manne da birni sun zama filoti, sai an ɗan nausa ta wajen Bichi, Gwarzo, Gezawa, Wudil ko Rano. Nemi saura mai sabara da kalgo da ke maƙwabtaka da gonar wake ko gyaɗa, da bakin kwazazzabo, da gefen fadamun rani inda ɗanyen ganye ke jawo zomo. Shaidarsa ita ce kashi ƙulu-ƙulu busasshe mai dusar ciyawa a ciki, da ganyen da aka datse a karkace, da sawu a rairayi inda dogayen ƙafafun baya ke sauka gaba da na gaba. Dajin Falgore gandun gwamnati ne, ba a farauta a cikinsa.

Kafin a kwance kare a je a gai da mai unguwa ko dagaci, a nemi sarkin bakan yankin in akwai. "Ranka ya daɗe, daga birni muke, zomo muka zo nema, karnukanmu uku, ba ma sa wuta." Wannan gaisuwar ita ce za ta sa a gaya muku inda aka zuba gubar ɓera, inda aka ɗana tarkon waya, da inda Fulani suka sauka. A Kano an daɗe ana haɗa sunan farauta da daba, don haka mutum uku ko huɗu da kere da gora da wuƙar yanka sun fi mota cike da matasa da barandami samun karɓa wurin jama'a da jami'an tsaro. Mai katin ƙungiyar mafarauta ya riƙe shi a aljihu tare da katin allurar karnuka. Ƙona daji don a koro nama kuwa yana cinye harawa da karan da manomi ya tara wa dabbobinsa, yana kuma ƙone makwancin zomon da za ku nema baɗi.

Tsayuwa da kora

A fuskanci iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka a faro daga kudu maso yammacin filin, warin zomo ya riƙa zuwa hancin kare. A jeru, taku 15 zuwa 20 tsakanin mutum da mutum, karnuka a gaba kada su wuce jifa. Rataya wa kowanne 'yar ƙararrawa domin ka san inda yake in ya shige duhuwa. A tafi a hankali, a riƙa tsayawa. Zomo na iya lafewa har ka wuce shi da taku uku, amma tsayuwar mutum kusa da shi ita ke karya masa zuciya ya zabura. Kowane gindin sabara a taɓa shi da gora.

Kare na gaya maka kafin zomo ya tashi: bindi ya ƙara kaɗawa, hanci ya manne ƙasa, tafiya ta koma gajerun kewaye. Nan za ka gyara riƙon kere. In ya tashi kusa, jefa ƙasa-ƙasa, keren na juyawa a kwance, ka auna gabansa da kamar taku ɗaya ko biyu. Ba a jifa in kare na bayansa kurkusa, ba a jifa ta inda ɗan'uwa yake tsaye. Karnuka da yawa sun karye a ƙafa ta hannun masu su.

In jifan farko ya kuskure, a nan sababbin shiga ke ɓata farauta, kowa ya ruga bayan karnuka. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma gudun na kare ne. Zomo ba ya son barin yankin da ya sani. In ƙananan karnuka na bin sa a sannu da haushi, zai ba su rata, ya tsaya ya saurara, ya sake gaba, kuma sau da yawa ya yi babban kewaye ya dawo kusa da inda aka tayar da shi. Mutum ɗaya ya tsaya a makwancin, sauran su bazu a mashigai: ƙofar shinge, hanyar shanu, inda kwari ya tsuke. A tsaya jikin bishiya ko suri, ba magana, ba motsi. Idanun zomo a gefen kai suke, yana hango motsi ta ko'ina amma bai cika tantance abin da ke tsaye cak a gabansa ba. Mai dogon kare mai gudu, a nan ne amfaninsa: a riƙe shi a igiya a mashiga, a sake shi lokacin da zomon ya riga ya sha gudu.

Zomo ya kan komo kan sawunsa sa'annan ya yi dogon tsalle gefe. Haushi zai yanke ɗif. Ba su minti 5 su kewaya, in sun kasa ka kai su wurin da haushin ya tsaya ka zaga da su da'ira mai faɗin taku 30. In an matsa masa ya kan faɗa tsohon ramin wata dabba. Kada a zura hannu, kada a tura kare: kasa da kububuwa na kwana a irin waɗannan ramuka.

Halacci da yanka

Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi in an ambaci sunan Allah, kuma ya tabbata a hadisin Anas cewa Abu Ɗalha ya yanka zomo ya aika wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da cinyoyinsa ya karɓa. Sharuɗɗan cin zomon da kare ya kashe su ne: karen ya zama horarre, kai ka sake shi da niyya, ka yi bisimilla lokacin sakin, kuma ya ji wa zomon rauni har jini ya fita. In ka tarar da shi da rai, yanka ya wajaba. In wani karen da ba a aika ba ya shiga kamun, ba a san wanda ya kashe ba, ba a ci. Wanda kere ko gora ta kashe nan take mushe ne, sai in an riske shi da rai an yanka. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa wanda ya yi sakaci wajen bin karensa, ko ya bar wuƙarsa a jaka ko a hannun wani har dabbar ta mutu, ba zai ci ba. Don haka wuƙa mai kaifi a ƙugu take zama, a jikin kowa. In kare ya ci wani abu daga naman, Malikiyya sun halatta sauran, sauran mazhabobi uku sun hana, kuma horon "saki" shi ke fitar da kai daga saɓanin.

Riƙe ƙafafun baya da kyau, domin faratansa na tsaga fata. A fuskantar da shi alƙibla, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba. In jini ya tsane, matsa mararsa da babban yatsa zuwa ƙasa fitsari ya fita, in ba haka ba naman zai yi zarni. Cire kayan ciki cikin awa ɗaya, da leda a hannu in kana da ƙujewa. Hanta mai fararen ɗigo ko kumburi, ko zomon da aka kama ba tare da ya yi gudun kirki ba, a binne shi. Kayan ciki ma a binne da zurfi, in ana son saka wa kare a dafa masa a gida. Rataya naman a inuwa ko a sa a buhun algarara mai shan iska. Baƙar leda a rana na ɓata shi kafin azahar. Yadda za a raba naman kuma a yanke shawararsa tun kafin a bar gari, da kason mai kare da na mai jifa da na mai abin hawa.

Abin da ke samun kare a daji

Zafi ne kan gaba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce jiki. Tafi da lita 1 na ruwa ga kowane kare, a ba shi kaɗan-kaɗan duk rabin awa. In harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya na tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa, a yi masa fifita, farautarsa ta ranar ta ƙare. Wanda ya kasa tashi bayan minti 15 sai likita.

Ɗingishi farat ɗaya yawanci ƙaya ce ko ƙarangiya tsakanin yatsu. Ɗan hantsaki a aljihu ya isa. Saran maciji kuwa alamarsa ƙara guda, sai kumburi a fuska ko ƙafar gaba. Ɗauke shi a hannu kada ya taka, ban da tsagawa, ban da ɗaure ƙafar tamau, a nufi likitan dabbobi. Kada a ba kare farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, suna lalata masa hanta da ƙoda.

In kare ya ciji mutum, naka ne ko na ƙauye, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura, a tsare karen a sa masa ido kwana 10. Ciwon haukan kare in alamunsa sun bayyana ba ya warkewa.

Da an dawo gida a ba shi ruwa, a jira kamar awa ɗaya numfashinsa ya daidaita kafin abinci. A bi kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu a cire kaska, a kama ta daf da fata a ja a miƙe. Kwanonsa daban yake da na gida, in kuwa ya yi lallagi a na mutane a wanke sau 7 kamar yadda sunna ta koyar. Ya huta kwana 2 kafin wata fita, filin da aka ɗauki zomo biyu ko uku a cikinsa kuma a bar shi sai wata shekarar.